Bosho da bazara: araha ma tana ado, in an iya zaɓe

Duk wanda ya taɓa wuni cikin rumfar kwano a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa bayanin bazara. Tun da hantsi kwano ke ɗaukar zafi, kafin azahar iska ta tsaya cik, ruwan buta ma ya koma kamar an ɗora shi bisa murhu. A Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum cikin Afrilu da Mayu, wasu ranaku har ya taɓa 45. Ba mu manta da bazarar 2024 ba, wadda ta haɗu da azumi: ranar 3 ga Afrilu na wannan shekara an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan Nijar mun sha rabonmu.

Ma'aikacin biro yana da fanka, in dai akwai wuta. Amma mai tumatir da ke zaune bakin hanya, da mai tuyar ƙosai, da ɗan dako, da ɗan kabu-kabu, babu abin da ke tsakaninsu da rana sai tufafin da ke jikinsu. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu taɓo batun suturar bazara, musamman ga wanda aljihunsa bai kai ga shadda mai tsada ba. Hausawa na cewa araha ba ta ado. To amma abin da muka gani a layin masu bosho, wato gwanjo kamar yadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kiransa, ya nuna mana cewa araha ma tana ado ga wanda ya san yadi, ya san lokacin saye, ya kuma san tela. Wanda bai san waɗannan ba, kuɗinsa za su tafi, ya kuma sha zafi a banza.

Hanyar da dila ke biyowa

Kafin mu shiga zaɓe, bari mu ga inda kayan ke fitowa, domin can ne dalilin tsadarsu da araharsu yake. Mafi yawan bosho tufafi ne da mutanen Turai da Amurka da Kanada da Sin da Koriya suka gama da su. Kamfanoni da ƙungiyoyi ke tattara su, su ware na maza da na mata da na yara, na zafi da na sanyi, sannan inji ya danne su a ɗaure tam. Ita ce dila, wasu su ce bal, wadda galibi nauyinta kilo 45 ne ko 55. Kowace dila da darajarta. Akwai ta sama da ƴan kasuwa ke kira kirem, wadda wani lokaci har sabuwar riga da takardarta ake samu ciki, sai zaɓi na ɗaya, na biyu da na uku.

Shekara da shekaru hanyar kayan ita ce tashar jiragen ruwa ta Kwatanu, su biyo Parakou da Malanville, su tsallako gadar Gaya, su rabu a Doso: wasu su nufi Yamai, wasu Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Da yake Najeriya ta daɗe da hana shigo da gwanjo a hukumance, diloli da yawa da ke sauka Maraɗi ba nan suke ƙarewa ba, sukan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su faɗa Katsina da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyakoki. Ta ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu cikin 2024 da 2025, manyan motoci suka koma bin Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya hau, kuma duk wannan bisa rigar da ke rataye a kasuwa yake sauka.

Dattawa za su tuna cewa ba yau bosho ya fara rufa wa talaka asiri ba. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, iyalai da yawa da a da ke jin kunyar a gan su layin bosho suka saba da shi. Daga baya atamfar masaƙar Yamai, wato SONITEXTIL da ta koma ENITEX, da ta masaƙun Kano da Kaduna, suka yi ta ja da baya gaban kayan Sin. Yau malamin lakwal da ma'aikaciyar asibiti da matar Alhaji duk sukan haɗu bisa tsibi guda suna tono.

Sai dai kayan su ma sun sake. Tufafin da Turawa ke zubarwa yanzu ba irin na shekarun 1990 ba ne, domin kamfanoni na ɗinka masu araha waɗanda ake sawa sau kaɗan a yar. Fiye da rabin zaren da duniya ke yi a yau poliyesta ne, wanda daga man fetur ake samo shi, auduga kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ke nan kada a yi mamaki in an yanke dila aka ga roba ta yi yawa. Aikin mai saye shi ne ya tsamo audugar daga cikinta.

Auduga ko roba: yadda ake ganewa

Jikin mutum da zufa yake sanyaya kansa. Zufa ta fito, iska ta busar da ita, zafi ya tafi tare da ita, kamar dai yadda tulun ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar danshin da ke tsattsafowa a jikinsa. Ku lulluɓe tulu da leda ku ga ko ruwan zai yi sanyi. Haka jiki yake cikin rigar roba. Auduga, ko kaɗa kamar yadda da yawanmu ke cewa, tana shan danshi ta miƙa wa iska. A ma'aunin masu masaƙa takan riƙe danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, poliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Shi ya sa yadin roba mai matsattsiyar saƙa ke barin zufa kwance bisa fata, ta jawo ƙaiƙayi da ƙurajen zafi da wari. Abin ya fi tsanani a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da iskar damana ta fara kawo danshi amma ruwa bai sauka ba.

Hanya ta farko ta ganewa ita ce ƴar takardar yadi da ake ɗinkawa cikin riga, ko a wuya ko a ɗinkin gefe daga ƙasa. In an ga an rubuta coton ko cotton da 100 a gabansa, auduga ce zalla. In an ga lin ko linen, a riƙe shi da kyau, domin babu yadin da ya fi shi sanyi, aibinsa kawai saurin yamutsewa. Viscose ma yana da sanyi da laushi, sai dai ba ya son murza mai ƙarfi wajen wanki, kuma yakan ɗan tsuke. Polyester da nylon da acrylique duk dangin roba ne. Laine ulu ne, a bar shi sai ɗari. In an gauraya, a duba wanda ya fi yawa: auduga 65 roba 35 ana iya zama da ita, in kuwa akasin haka ne, bazara za ta faɗi gaskiyarta. Wadda ba ta yi karatun boko ba, ɗiyanta ƴan lakwal za su iya nuna mata waɗannan kalmomi sau ɗaya, ta riƙe siffarsu.

In babu takarda, hannu ya isa. A dunƙule yadin cikin tafi a matse, a saki. Auduga takan yamutse ta zauna haka, roba kuwa nan take take miƙewa kamar ba a taɓa ta ba. A ɗiga ruwa kaɗan daga ciki: auduga da aka sha wankewa takan shanye shi nan da nan, a kan roba kuwa yakan tsaya ko ya gangare. A ɗaga yadin sama wajen haske a ga ƴan ƙofofin saƙa, a sa baki a hura, in iska ta fita ta taɓa hannu to za ta shiga ta taɓa jiki. Gwaji na ƙarshe sai an koma gida: a zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa a kusanta shi ga ashana. Na auduga yana ci kamar takarda ya bar toka mai laushi, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

Mu kanmu mun taɓa faɗawa tarkon ƙyalli. Wata bazara mun sayi riga mai santsi da walƙiya wajen wani mai yawo da kaya a kafaɗa, muna murna mun yi tsintuwa. Ranar da muka sa ta zuwa ɗaurin aure, kafin a shafa fatiha ta manne mana a baya kamar an liƙa ta da ƙaro. Sau ɗaya muka sa ta, ta koma tsumman goge mashin, shi ma ba ta iya ba domin ba ta shan ruwa.

Akwai abin da ya fi zufa haɗari. Uwargida mai tuya ko mai dafa abincin sayarwa, in tartsatsi ya kama zane ko hijabin roba, narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunar kuma ta yi zurfi. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa. Saboda haka a bakin murhu a sa auduga mai ɗan kauri, a naɗe hannun riga, a ɗaure bakin mayafi kada ya yi lilo bisa kasko.

Faɗin riga ya fi launinta

Mutane da yawa na ɗauka cewa maganin zafi shi ne rage tufafi. A cikin inuwa wannan na iya zama gaskiya, amma a tsakiyar rana fatar da ke buɗe ita ke ɗaukar zafi kai tsaye. Ku dubi Abzinawa da Fulani makiyaya, waɗanda suka fi kowa sanin rana: daga rawani har ƙafa a rufe suke, amma rigar ba ta taɓa matse su. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi a hamadar Negev kan rigunan Larabawa makiyaya. An tsayar da mutum a rana cikin baƙar riga mai faɗi, sannan cikin fara, aka tarar zafin da ke isa jikinsa kusan ɗaya ne, domin iskar da ke yawo tsakanin riga da fata tana kwashe ƙarin zafin da baƙar ta ɗauka. Abin da kakanninmu suka sani ke nan da suka yi taguwa da wando mai tazuge da zane.

Wannan ba ya nufin launi ba shi da tasiri. In riga siririya ce kuma ta kama jiki, kamar baƙar singileti ko matsattsen wando, baƙi ya fi zafi nesa. Fari kuwa yana mayar da hasken rana, amma a kasuwa, inda ƙura da manja da gawayi suke, ba ya wuni da farinsa, kuma wankinsa na cin sabuni. Shawararmu ita ce launuka masu haske da ke ɓoye ƙura: ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi mai haske, kore mai haske, ko yadi mai ƙananan zane. A bosho kuma a riƙa ɗaukar abin da ya ɗan fi jiki girma. Tela na iya rage babbar riga cikin ƴan mintoci, amma ƙarama ba ta da magani.

Haɗin uwargida

Ga mace mai wuni a kasuwa, tushen sutura shi ne zane na atamfar auduga. Turmi guda yadi 6 ne, wato zane uku. Maimakon a kai shi duka wajen tela a yi riga da zane da kallabi masu ɗinki mai nauyi, ana iya barin zane biyu don yau da kullum, a haɗa kowane da rigunan bosho biyu ko uku. A lura da atamfar roba da ta cika kasuwa: tana da ƙyalli da santsi, bayanta ya fi gabanta fari, kuma ba ta yin laushi kome yawan wanki. Atamfar auduga ta ƙwarai launinta kusan ɗaya ne gaba da baya.

Dokar haɗi guda ce, kuma ba ta da wuya: in zane mai ado ne da yawa, riga ta zama launi ɗaya, a tsamo launin daga cikin zanen. Atamfa mai shuɗi da rawaya ta samu riga shuɗiya ko rawaya, mayafi ya bi ɗayan. Haka zane ɗaya zai fito kamar kaya uku. Mata da yawa ba sa duban tsibin rigunan maza, alhali can ne audugar ƙwarai ta fi yawa. Babbar rigar maza mai dogon hannu, in tela ya cire mata kwala ya gyara wuya, takan zama riga mai rufe jiki har cinya, mai shan iska, wadda ba ta da abin kunya.

Doguwar rigar bosho ma tana yi, amma a juya ta a duba ciki. Sau da yawa waje auduga ne, shafin ciki kuwa roba, shi ne kuma ke taɓa fata. Tela ya cire shafin, a sa shimi ta auduga a madadinsa, musamman in yadin shara-shara ne. Hijabi kuma shi ne ya fi kome tara zafi a kai da wuya in an yi shi da yadin roba mai nauyi. Na bazara a nemi boyal na auduga ko wani yadi marar nauyi, mai faɗi yadda iska za ta shiga ta ƙasa, a kuma yi biyu domin a riƙa wanke ɗaya kullum.

Wani sirri da tsofaffin masu tono suka sani shi ne zanen gado. Babban zanen gado na bosho, in auduga ne zalla kuma bai koɗe ba, yadi ne mai yawa da kuɗi kaɗan. Yana fitar da doguwar rigar zaman gida da shimi, ko rigunan yara uku zuwa huɗu. A shimfiɗa shi gaba ɗaya a duba tsakiya, domin nan ne yake fara cinyewa.

Haɗin maigida da samari

Ga Alhaji mai zaman kanti, taguwa ko ɗan kaftani na auduga da wando mai faɗi babu kamarsu, a ajiye shadda mai sitati da babban aiki sai Juma'a da buki. Kada a yar da singiletin auduga don ana zafi, ita ce ke tare zufa ta hana riga tabo a baya da hammata. Ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai tura baro su nemi rigar bosho mai dogon hannu, domin ranar da ke dukan damtse daga safe zuwa la'asar tana ƙona fata tana kuma gajiyar da jiki. Wandon jin yana da ƙarko, amma mai kauri da matsewa azaba ne a Afrilu; wandon kaki na auduga marar nauyi ya fi shi. Rigunan ƙwallo da samari ke so roba ce, sai dai saƙarsu mai ƙofofi ce, suna saurin bushewa, aibinsu riƙe wari, don haka kullum sai an wanke. Malafa kuwa, wadda wasu ke raina wa kamar ta manoma ce kaɗai, ta fi hular hana sallah kare wuya da kunne.

In babu wurin gwada wando, a rufe maɓallinsa a zagaya ƙugunsa a wuya: in bakin biyu suka haɗu ba matsi, galibi zai shiga. A ja zif sau biyu ko uku, a duba tsakanin ƙafafu da aljihu, nan ne wando ke fara mutuwa.

Yara da goyo

Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma ba ya iya faɗa. Jaririn da aka goya a baya yana tsakanin zafin uwa da zafin rana, in aka ƙara masa hular ulu da safa da tawul mai kauri, ƙuraje ne za su feso masa a wuya da baya. Riga ɗaya ta auduga ta ishe shi, zanen goyo da majanyi su ma na auduga, a riƙa sauke shi a inuwa yana shan iska. Kayan yara su ne bosho ya fi amfani a kansu, tun da yaro na girma kafin riga ta tsufa. A ɗauki mai ɗan girma, a ja maɓallai a tabbatar ba za su cire yaro ya haɗiye ba.

Lokacin saye da ciniki

Kowace kasuwa da ranarta: Maraɗi Litinin da Juma'a, kasuwar Dole ta Damagaram Alhamis, Tawa Lahadi, Ƙonni Laraba. A Yamai kuwa Babbar Kasuwa da Katako da Wadata kullum ci suke. Mai son na ƙwarai ya yi sammako ranar da ake yanka dila, zai biya da ɗan tsada amma shi ke zaɓen fari. Mai son araha ya jira yamma, lokacin da mai kaya ke son ya rage abin da zai ɗaure ya mayar, sai dai a sannan sai an yi haƙurin tono. A yi zaɓe da hasken rana, domin fitilar dare na ɓoye tabo da koɗewa. A guji makonni biyu na gabanin Sallah, lokacin da kaya ke tashi, teloli kuma ba su da lokacin gyaran tsohuwar riga. Kuma dabara ce a sayi rigunan sanyi na yara a bazara, sa'ad da babu mai dubansu, a sayi na zafi tun cikin ɗari.

Wajen lissafi kada a dubi kuɗin saye kaɗai, a dubi sau nawa za a sa. Misali, rigar jika guda da aka sa sau 50, kowace sawa ta tashi dala huɗu. Rigar dala ɗari da ta yage bayan sawa 5, kowace sawa ta tashi dala ashirin. Wacce ce mai arahar? Riguna uku na auduga da ake juyawa sun fi goma na roba da ke kwance cikin akwati. A kuma ware wani abu na tela da na sabuni tun kafin a fita gida, kada a ƙarar da kuɗin duka bisa tsibi. Tabon maiƙo sau da yawa yana fita, ɗinkin da ya warware ana mayarwa, amma tabon tsatsa da rawayar hammata da yadin da ya cinye, a bar wa mai kaya abinsa kome araha. In an ga aibi a nuna shi da ladabi a nemi ragi. In mai kaya ya ce albarka, a yi gaba, in da rabo zai kira.

Wanki kafin sawa

Warin nan na bosho da kowa ya sani yana zuwa ne daga maganin da ake fesa wa kaya da kuma daɗewarsu a danne. Bayan haka hannuwa da yawa sun taɓa rigar a kasuwa, wasu ma sun gwada ta. Ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata duk suna iya bin tufafi. Don haka kada a sa bosho, balle a sa wa yaro, sai an wanke. Ruwa mai zafin digiri 50 zuwa sama na minti 10 yana kashe ƙwayar ƙazuwa da ƙwanta. A jiƙa kayan auduga cikin ruwan zafi da sabuni, a ware masu zuba dabam, a ɗauraye sosai, a shanya su a juye a rana har su bushe ƙayau, sannan a bi su da guga, musamman kan ɗinki. Ruwan jabel na fararen kaya ne kawai, kuma kaɗan. Kayan ciki kuwa, kamfai da rigar mama, in da hali a sayi sababbi ko da masu araha ne.

Ga masu yanka dila

Sayen dila cinikin biri a sama ne, kowa ya sani, domin ba a buɗe ta sai an biya. Amma ana iya rage hasara. Tun watan Fabrairu a fara neman dilolin kayan zafi da sunansu, rigunan maza na auduga, dogayen rigunan mata, kayan yara marasa nauyi, zannuwan gado, maimakon dilar gauraye da za ta fito da kwat da rigunan ulu a tsakiyar Afrilu. A riƙe dillali guda da aka gwada, a kuma rubuta alamar kamfanin da dilarsa ta yi kyau. Da an yanka a ƙidaya, a kasa uku, a yi lissafi kafin a sa kuɗi. Misali, dilar jika 100 mai guda 200, in an raba daidai kowace ta tashi dala ɗari. Amma in 50 ba su sayuwa, sauran 150 sai kowace ta kawo kusan tamma 670 kafin jari ya dawo, ban da kuɗin mota da na rumfa. Kashin farko ne ke mayar da jari, na biyu ya kawo riba, na uku a sallama shi da wuri kada rana ta cinye launinsa.

Wanda ya wanke kayansa ya goge ya rataye, ya fi mai zubawa ƙasa samun kuɗi bisa riga iri ɗaya. Wanda kuma ya ware auduga gefe guda, ya gaya wa mai saye gaskiyar yadi da aibinsa, ya samu abokin ciniki na shekaru, domin matar da ta ji sanyin riga a bazara za ta dawo da maƙwabciyarta. Abin da ya ƙi sayuwa kada a zuba shi cikin magudanar ruwa, damana na tafe. Masu katifa da matashin kai da masu gyaran mota duk suna bukatar tsumma.

Ranar kasuwa mai zuwa, kafin Hajiya ta tambayi kuɗin riga, ta fara juya ta, ta dunƙule ta, ta ɗaga ta wajen haske. Allah ya ba da kasuwa, ya sassauta mana bazara, ya kawo damana mai albarka.